Wane Tambari Ya Dace da Lambu Mai Shekaru 500?

A birnin Suzhou da kewayensa, cikin lardin Jiangsu na gabashin ƙasar Sin, akwai tsofaffin lambuna tara da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya, huɗu a shekarar 1997, biyar kuma a 2000. Mafi tsufa a cikinsu, Canglang Ting, an kafa shi tun 1044. Akasarinsu gidaje ne na malamai da manyan ma'aikatan sarki waɗanda suka ajiye aiki suka koma gida, suka kewaye fili da katanga, suka haƙa tafki, suka jera duwatsu, domin su samu inda za su yi karatu da zane da hira da abokai kaɗan. Yau jama'a ce ke tururuwa zuwa wuraren, kuma mafi yawan baƙi tun kafin su taka bakin ƙofa sun riga sun haɗu da lambun a fuskar wayar hannu, inda ake yankan tikiti, inda kuma 'yar mitsitsiyar alama ke tsayawa a madadin wurin gaba ɗaya. Dole ne wani ya zana wannan alama, ya zaɓi launinta da irin haruffan da za su raka ta. Ra'ayina shi ne, tambarin da ya dace da irin wannan lambu ana samo shi daga yadda lambun yake nuna kansa ga baƙo, da kuma tarihinsa shi kaɗai. Wanda ya je ya kwaso alamomin da duniya ta saba liƙa wa ƙasar Sin ya manna a kai, ya yi wa lambun ƙarya ko da aikinsa ya ƙayatar.

Abin da masu wannan sana'a ke nufi da kamannin wuri ya wuce tambari guda. Tsari ne da ya haɗa tambarin, da launukan da aka amince a yi amfani da su, da salon haruffa, da irin hotunan da za a ɗauka da waɗanda za a guje wa, da allunan da ke nuna hanya, da tikiti, da taswira, da jakar da ake zuba tsaraba, har da rigunan ma'aikata. Akan tattara ƙa'idojin a littafi guda domin duk wanda zai buga takarda ko ya gyara shafin intanet ya bi sahu ɗaya. Amfaninsa shi ne mutum ya ga yankin tikiti a ƙasa ya san daga ina ya fito ba tare da ya karanta suna ba. Ga banki ko kamfanin waya aikin yana da sauƙi, domin mai zane ne ke ƙirƙiro kamannin daga farko. Ga lambun da ya girmi kamfanonin duniya kusan duka, kamannin sun riga sun wanzu, an yi ɗaruruwan shekaru ana gyara su. Saboda haka aikin farko na mai zane shi ne ya fahimci abin da ya tarar.

Mafi girma kuma mafi suna a lambunan Suzhou shi ne Zhuozheng Yuan, wanda faɗinsa ya ɗan haura hekta 5. Wani ma'aikacin daular Ming mai suna Wang Xianchen ne ya fara gina shi a 1509 bayan ya bar aikin gwamnati, ya kuma sa masa sunan da ke nuna ƙanƙan da kai, wato lambun jami'in da bai iya mulki ba sai noman kayan lambu. Wanda ya shiga irin wannan wuri yana tsammanin fili shimfiɗaɗɗe da furanni a jere zai sha mamaki, domin an tsara shi ne yadda ba za a taɓa ganinsa duka daga wuri ɗaya ba. Bahaushe zai gane hikimar da sauri idan ya tuna gidan gargajiya na Kano ko Zariya, inda baƙo ke shiga zaure, ya karkata zuwa shigifa, ba tare da idonsa ya faɗa tsakar gida kai tsaye ba. A lambun Liu Yuan, wanda aka fara ginawa a 1593, mai shiga yana bin wani siririn lungu mai lanƙwasa da ɗan duhu, yana hango kore ta ƙananan tagogi, sai can daga baya tafki da duwatsu su buɗe a gabansa. An ƙuntata hanyar da gangan domin buɗewar ta yi armashi.

Wannan dabara tana da littafinta. Ji Cheng, wani gwanin tsara lambuna, ya kammala littafin Yuanye a 1631, kuma a cikinsa ya ba da muhimmanci ƙwarai ga abin da ake kira aron gani, wato a tsara lambu yadda wani abu da ke wajen katanga zai shigo cikin abin da ido ke kallo kamar na gida ne. A Zhuozheng Yuan, idan mutum ya tsaya a gefen gabas na tafkin tsakiya ya dubi yamma, zai ga hasumiyar Beisi ta leƙo a ƙarshen ruwan tsakanin bishiyoyi, alhali tana can cikin gari nesa da lambun. Haka nan ƙofofin da aka yanka a katanga, wasu da'ira kamar cikakken wata, wasu da siffar tulu ko ganye, da tagogi masu raga iri-iri, duk aikinsu ɗaya ne: su yanko wani yanki na abin da ke gaba su miƙa wa ido. Darasin da mai zanen tambari zai ɗauka a nan babba ne. Wurin da aka gina domin kada a gan shi a kallo ɗaya, ba za a iya matse shi cikin hoto ɗaya ba. Wanda ya yi ƙoƙarin cusa rumfa da gada da dutse da gora cikin da'ira guda, cunkoso zai samu. Abin da za a iya ɗaukowa shi ne dabarar kanta, wato iyakar da ke kewaye gani, da filin da aka bari babu komai, da alkawarin cewa akwai sauran abu a gaba.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, domin tana nuna cewa masu lambunan sun riga sun yi wa kansu irin aikin da ake biyan kamfanoni su yi a yau. Kusan babu rumfa ko ɗaki a waɗannan wurare da ba shi da suna, kuma sunan yana rubuce a kan allon katako da ke rataye bisa ƙofa, da hannun wani gwanin rubutu da aka san shi. A ginshiƙai biyu na gefe akwai jimloli biyu masu amsa juna. Sunan yana faɗa wa baƙo abin da zai nema: babban zauren Zhuozheng Yuan an sa masa suna ne saboda ƙanshin furen bado da ke tasowa daga tafki a lokacin zafi, wata ƙaramar rumfa kuma an kira ta wurin sauraren ruwan sama, aka dasa ayaba a gefenta domin faffaɗan ganyenta ya riƙa amsa ɗigon ruwa. A 1533 shahararren mai zane Wen Zhengming, abokin Wang Xianchen, ya zana wurare 31 na lambun a kundi guda, kowane zane da waƙarsa da ɗan bayaninsa. Ta wannan kundi ne mutanen da ba su taɓa zuwa Suzhou ba suka san lambun. A kan irin waɗannan zane-zane akwai jan hatimin mai zane da na waɗanda suka mallake su daga baya. Suna, salon rubutu, zaɓaɓɓun hotuna da hatimi, ai su ne ginshiƙan kamannin kowane wuri har gobe. Mai zane na zamani magaji ne a wannan gida, kuma kyan magaji ya san abin da aka bar masa.

Hanyar da ta fi saurin jan mai zane, musamman wanda ke aiki daga nesa, ita ce ta ja da ruwan zinariya da dodon nan mai jikin maciji da ake kira diragon. Waɗannan alamomi na ƙasar Sin ne ba shakka, amma na wani gida ne daban. Jar katanga da rufi mai ruwan ɗorawa mai sheƙi kayan fadar sarki ne a Beijing, kuma a zamanin daulolin Ming da Qing doka ta keɓe irin wannan rufi da diragon mai farce biyar ga sarki. Malamin Suzhou da ya ajiye aiki yana gina lambunsa ne domin ya nisanci wannan duniyar ta fada. Launukansa farar katanga ne, da rufi mai toka-toka da ya kusa baƙi, da katako mai launin ƙasa-ƙasa, sai koren ganye da ruwa. Farar katangar ma aiki take yi, domin a kanta inuwar gora ke faɗuwa kamar tawada a takarda. Idan aka yi wa irin wannan wuri tambari ja da zinariya, an sanya masa rigar mutumin da ya gudu daga gare shi. Kama da wane ba ta wane. Ja yana da gurbi a tsarin, amma gurbinsa shi ne wanda yake da shi a zanen gargajiya: ɗan hatimi guda a kusurwa, wanda ƙanƙantarsa ce ke sa ido ya same shi.

Batun haruffa ya fi na launi wuya. Tun 1883 wani kamfanin haruffa a Cleveland ta Amurka ya fitar da wani salon boko mai tsini-tsini da ke kwaikwayon bugun buroshin Sinawa, salon da ya zama ruwan dare a allunan gidajen abinci na unguwannin Sinawa a ƙasashen Yamma. Wannan salo ba shi da asali a rubutun Sin, kuma da yawa daga Sinawa mazauna waje suna kallonsa a matsayin zolaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar kowane rubutu ya tsaya da ƙafarsa: sunan lambu da Sinanci a ɗauko shi daga rubutun hannu na gaskiya, na boko kuma a zaɓi haruffa masu natsuwa da ba sa gasa da shi. Akwai kuma matsalar yawa. Mai ƙera haruffan boko yana gamawa da 'yan ɗaruruwan alamomi, amma ma'aunin GB 2312 da Sin ta fitar a 1980 domin kwamfuta yana ɗauke da haruffa 6,763, shi ya sa ƙera sabon salo cikakke domin lambu guda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Bayan haka, tsofaffin allunan lambu an rubuta su da haruffan gargajiya, ana karanta su daga dama zuwa hagu, alhali tun gyaran rubutu na 1956 babban yankin Sin ke amfani da sauƙaƙan haruffa, rubutun yau da kullum kuma daga hagu yake tafiya zuwa dama. Mafita mai ma'ana ita ce a raba aiki: sunan lambu ya zauna da tsohuwar siffarsa a matsayin hoto, bayanin farashi da lokaci da hanya kuma a yi shi da rubutun da ɗan makaranta ke karantawa a yau.

Mai shakka zai iya cewa duk wannan kira ne na komawa baya, amma misalan da suka fi nasara a zanen zamani na Sin sun nuna akasin haka. Tambarin Bankin Sin, wanda Kan Tai-keung na Hong Kong ya zana a shekarun 1980, ya ɗauki tsohon kuɗin ƙarfe mai rami murabba'i a tsakiya, ya haɗa shi da harafin farko na sunan ƙasar, ya rage komai zuwa da'ira da 'yan layuka. Tambarin gasar Olamfik ta Beijing ta 2008 jan hatimi ne da siffar mutum mai rawa a ciki. Misalin da ya fi kusa da batunmu gini ne. I. M. Pei, wanda ya zana dalar gilashi ta gidan tarihi na Louvre a Faransa, danginsa ne suka taɓa mallakar lambun Shizi Lin na Suzhou, kuma shi ya tsara sabon gidan tarihi na birnin da aka buɗe a 2006, katanga ɗaya da Zhuozheng Yuan. Ya riƙe fari da toka-toka, amma ya maye gurbin rufin yumɓu da dutse mai duhu, ya sa ƙarfe da gilashi inda a da ake sa katako. Maimakon ya tara duwatsu masu ramuka irin na magabata, sai ya yanka duwatsu falle-falle ya jera su a gaban farar katanga suka yi siffar tsaunuka masu nisa. Babu abin da ya kwafa kai tsaye, amma duk wanda ya gani ya san ginin ɗan Suzhou ne. Irin wannan aiki ake nema daga mai zanen tambari.

Idan aka zo ga aiwatarwa, gwajin farko shi ne na ƙanƙanta. Tambarin dole ya fito sarai a kusurwar wayar hannu, ya kuma fito a launi ɗaya idan an buga shi a rasit ko an sassaƙa shi a katako. Rubutun buroshi mai siraran jela yakan ɓace idan an rage shi, shi ya sa hatimi ke da amfani: tun asali an ƙirƙire shi ne domin ya ɗauki suna cikakke a ɗan ƙaramin fili, kuma tsohon salon rubutun hatimi yana da layuka masu kauri ɗaya da ke jure ragewa. Ana iya yin tsari mai hawa biyu, cikakken suna da rubutun hannu domin ƙofa da fosta, hatimi kuma domin waya da maɓallin riga. Siffar wata taga ta lambun tana iya zama iyakar da ba ta canzawa, abin da ke cikinta kuma ya riƙa sauyawa da lokutan shekara, furen bado a lokacin zafi, jan ganye a kaka, dusar ƙanƙara a kan rufi a hunturu. Da haka tambarin zai yi abin da lambun ke yi, wato ya nuna yanki ya ɓoye saura. A hotuna kuma, ɗaukar lambun daga sama da jirgi mara matuƙi yana tona duk abin da maginin ya wahala wajen ɓoyewa, don haka gara a ɗauka daga tsayin idon mai tafiya. Sannan a bar fili fari a takarda ba tare da tsoro ba.

Suka ta farko da ake yi wa wannan aiki ita ce, tambari kayan kasuwa ne, lambun malami kuwa wurin gudun kasuwa ne, don haka haɗa su cin amana ne. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin an ga wuraren tarihi da shagunan tsaraba suka fi abin da aka zo gani ɗaukar hankali. Sai dai tarihi bai goyi bayan cewa lambunan sun taɓa rabuwa da dukiya ba. Masanin tarihin fasaha Craig Clunas ya nuna a littafinsa na 1996 cewa lambunan Suzhou na farkon ƙarni na 16 gonaki ne masu kawo riba, cike da itatuwan marmari da tafkunan kifi, kuma mallakarsu hanya ce ta nuna matsayi. An sayar da su, an raba su, an sake haɗa su sau da yawa. Tun da aka buɗe Zhuozheng Yuan ga jama'a a 1952, tambayar ba ta kasance ko za a yi tikiti da allo ba, sai dai wane iri za a yi. Wurin da ya ƙi tsara kamanninsa, masu sayar da kaya a bakin ƙofa ne za su tsara masa. Kuma ana iya yin ciniki da mutunci. A harabar tsohon ɓangaren gidan tarihi na Suzhou akwai wata itaciya mai yaɗo da shuɗin fure da aka ce Wen Zhengming ne ya dasa da hannunsa, kuma gidan tarihin yana tattara irinta yana sayarwa a 'yan ƙananan kwalaye. Tsaraba ce da babu wani wuri a duniya da zai iya yin irinta.

Suka ta biyu ta fi shafar lambuna irin na Suzhou da aka gina a ƙasashen waje. Masu yin ta suna cewa baƙon da bai san Suzhou ba, fari da toka-toka ba za su gaya masa komai ba, ja da diragon ne za su sa ya tsaya. Gaskiya ne cewa alamar da aka saba da ita tana saurin kama ido. Amma tana kama shi ne da alkawarin da lambun ba zai cika ba, domin wanda ya shigo yana jiran fitilu da ganguna zai tarar da ruwa shiru da dutse, ya fita yana ganin an yaudare shi. Abin da ya faru a zahiri ya nuna cewa baƙi suna iya koyon sabon abu. Gidan tarihi na Metropolitan a New York ya buɗe farfajiyar Astor a 1981, wadda magina daga Suzhou suka gina bisa tsarin wani sashe na lambun Wangshi Yuan. Vancouver ta Kanada ta buɗe lambun Sun Yat-Sen a 1986. A Portland ta Amurka, lambun da magina daga Suzhou suka gina aka buɗe a 2000 ya fara ne da suna na gama-gari da ke cewa kawai lambun gargajiya ne na Sin, amma a 2010 aka sauya masa suna zuwa Lan Su, wanda ya haɗa gaɓa daga sunan Portland da gaɓa daga na Suzhou. Masu kula da shi sun zaɓi sunan da ba wanda ya saba da shi domin nasa ne shi kaɗai. Ƙa'idar kuma ba haramta diragon ba ce. Lambun Yu na Shanghai, wanda aka fara a 1559, yana da katangu da aka yi wa saman su siffar diragon mai tafiya, kuma shi yana da cikakken haƙƙin sa diragon a tambarinsa, domin a jikinsa yake.

Suka ta uku ta fito ne daga masu zane kansu, kuma ita ce mafi kaifi. Suna cewa idan kowa ya bi wannan shawara, kowane lambu zai ƙare da da'irar ƙofar wata, da bugun buroshi guda, da ɗan jan hatimi, har natsuwar ta zama abin kwaikwayo kamar yadda diragon ya zama. Wannan haɗari ne na gaske, kuma duk mai duba tambarin gidajen shayi da otal-otal na zamani a Sin zai ga alamarsa. Amsar ita ce a ƙara matsawa kusa da lambun da ake yi wa aiki. Shizi Lin, wanda almajiran wani malamin addinin Buddha suka kafa a 1342, sunansa ya fito ne daga tarin duwatsunsa masu kama da zakuna, da ramuka da hanyoyi da mutum ke ɓacewa a ciki. Liu Yuan yana da dutse guda tsayayye daga tafkin Taihu mai tsawon kimanin mita 6.5, siriri mai ƙofofi, wanda inuwarsa kaɗai ta isa shaida. Canglang Ting ruwansa a wajen katanga yake, kuma yana da doguwar baranda mai fuska biyu da tagogi masu raga da ba a maimaita zanensu ba. Wangshi Yuan ɗan ƙarami ne, kusan rabin hekta, an kuma san shi da buɗewa da dare domin kiɗa da wasan kwaikwayon gargajiya na Kunqu. Ou Yuan lambuna biyu ne, gabas da yamma, da gida a tsakiya, a da na wani miji da matarsa ne. Mai zanen da ya ba waɗannan biyar tambari iri ɗaya, bai zauna a cikinsu ba ne.

Akwai suka ta huɗu da ta cancanci a ba ta gaskiyarta. Ɗanɗanon malaman Ming ɗanɗano ne na 'yan tsiraru masu hali da ilimi, alhali masu ziyara a yau sun haɗa da yara 'yan makaranta, da tsofaffi masu raunin gani, da baƙin da ba su iya karanta harafi ko ɗaya na Sinanci ba. Allon da aka rubuta da toka-toka mara ƙarfi a kan fari domin kada ya ɓata kallo, bai yi wa tsohuwar da ke neman makewayi adalci ba. A nan dole ne kyau ya sassauta wa amfani. Alamun mafita, da gargaɗin santsi a bakin ruwa, da hanyar keken guragu, a yi su baro-baro da alamomin da duniya ta sani, a kafa su a mahaɗar hanyoyi da bakin ƙofofi. Abin da za a kiyaye shi ne kada a dasa allo a tsakiyar ganin da taga ko ƙofa ta yanko. Dogon bayani kuma, irin fassarar sunayen rumfuna da tarihin masu rubutun alluna, wayar da baƙo ke riƙe da ita za ta iya ɗauka. Wannan ma hidima ce ga lambun, domin mafi yawan baƙi suna wucewa ta ƙarƙashin allunan sunaye ba tare da sanin cewa an gaya musu abin da za su saurara ko su shaƙa ba.

Daga duk wannan, ma'aunin da za a auna aikin da shi ya fito fili, kuma hukumar da ke ba da kwangila za ta iya amfani da shi ko da ba ta da gwanin zane a cikinta. A tambayi mai zane ya nuna inda kowane launi da kowace siffa suka fito a cikin lambun ko a tarihinsa. A cire sunan daga tambarin a ga ko zai iya zama na gidan abinci ko na wani lambun da ke maƙwabtaka. Idan zai iya, aikin bai kammala ba. A rage shi zuwa girman da zai fito a waya, a kuma ba tsoho allon hanya ya karanta daga nesa. Sannan a sa masu kula da itatuwa, da masana rubutun hannu, da masu binciken tarihin wurin a teburin shawara tun daga farko, domin su ne suka san wace taga ce ke kallon me a wane wata. Kamfanoni sukan sauya tambari duk bayan 'yan shekaru idan kasuwa ta juya. Lambun da ya ga ƙarshen daular Ming da ta Qing ba ya buƙatar bin wannan gudu, kuma tambarin da aka samo daga jikinsa zai daɗe bai tsufa ba, domin abin da yake nunawa yana nan ana ba shi ruwa kullum.